Galaksin rediyo mai rauni da ke can nesa: rauni ne ko nisa?

Jummai: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Mushe Ɗanladi, gare ka nake. An turo mini wani hoto na sararin samaniya: ɗigo ɗaya mai haske a tsakiya, sai wutsiya biyu, ɗaya ta yi nan ɗaya ta yi can, suna dushewa har su ɓace cikin baƙi. An ce galaksin rediyo ne mai ƙarancin ƙarfi, wai haskensa ya yi kusan shekara miliyar 8 a hanya kafin ya iso mu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta ina aka san rauni gare shi? Ai duk abin da ya yi nisa dushewa yake yi.

Baba Tanko: Wa alaikumus salam ƴata. Kafin Mushe ya amsa miki, ni ma ina da tawa. Na tsufa ina gyaran rediyo kusa da kasuwar Dole, na san ba a kama komai sai in akwai tashar da ke watsawa. To wa ke watsawa a can?

Mushe Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Baba, da taka zan fara don ita ce tushe. Babu tasha, babu murya. Igiyar rediyo da hasken da ido ke gani abu ɗaya ne, tsawon zango ne ya bambanta su. A 1933 wani injiniya a Amurka, Karl Jansky, ya bayyana cewa wani shuuu da ke damun layin sadarwa daga tsakiyar galaksinmu yake fitowa. Daga nan aka fara sauraron sama.

Galaksi tarin taurari ne, miliyoyin dubbai, da gas da ƙura. A cibiyar manyansu akwai baƙin rami, wato wurin da jansa ya yi ƙarfi har haske ba ya kuɓuce masa, mai nauyin rana miliyoyi ko miliyar-miliyar. Idan gas yana faɗawa cikinsa, a wasu galaksin sai wani kaso ya kuɓuce, ya fita ta gefe biyu a matsayin feshi siriri mai gudu dab da gudun haske. Cikin feshin akwai ilektoron da ke lanƙwasa a cikin ƙarfin maganaɗisu, kuma duk ilektoron mai irin wannan gudu da aka tilasta masa lanƙwasa sai ya fitar da igiyar rediyo. Wutsiyoyin da Jummai ta gani ke nan. Ba launinsu na gaskiya ba ne a hoton, kwamfuta ce ta shafa musu launi don ido ya gani.

Baba Tanko: A wace mita ake kama su?

Mushe Ɗanladi: Ba su da mita ɗaya, Baba, sun bazu ko'ina, amma sun fi ƙarfi a ƙasa-ƙasa. Ka ga FM ɗinka daga 87.5 zuwa 108 take. Na'urar LOFAR ta ƙasar Holan tana saurare a ƙasa da FM da kuma sama da ita, ta tsallake tsakiyar da gangan, don tashoshin mutane za su toshe mata kunne.

Yanzu ke Jummai. Ana auna abu biyu daban. Na farko, yawan abin da ya iso farantin na'ura. Na biyu, nisa, kuma shi ba daga rediyon ake samunsa ba. Ana juya babban madubin hangen nesa kan galaksin, a tsaga haskensa launi-launi, a duba layukan da haidurojin da sauran sinadarai ke bari. Da yake sararin duniya yana buɗewa, hasken yana miƙewa a hanya, layukan su matsa wajen ja. Yawan matsawar shi ake rubutawa da harafin z. Idan z ya kai 1, zangon ya ninka biyu, kuma tafiyar ta kusa shekara miliyar 8, kamar naki. Da an san nisa, an san abin da ya iso, lissafi ya ba da abin da ya taso daga can. Sai a ce wannan mai ƙarfi ne, wancan mai rauni.

Auta: Mushe, rauni a kan wane ma'auni? Don abin da ake iya ji daga shekara miliyar 8 ban ga ta inda za a kira shi mai rauni ba.

Mushe Ɗanladi: A kan ƴan'uwansa, Auta. Ɗauki biyu da aka fi sani. Cygnus A, wanda Walter Baade da Rudolph Minkowski suka gano galaksinsa a farkon shekarun 1950, yana nisan shekarar haske sama da miliyan 700. M87 yana wajen miliyan 55. A rediyo Cygnus A ya fi M87 ƙarfi fiye da sau dubu. To M87 ɗin nan da ake sa shi cikin masu rauni, shi ne mai baƙin ramin da aka nuna hotonsa ran 10 ga Afrilu 2019, nauyinsa rana miliyar 6.5. Ka ga raunin ba na jiki ba ne.

A 1974 a Kambirij, Bernie Fanaroff, ɗan Afirka ta Kudu, da Julia Riley suka duba hotunan rediyo 57, suka ga sun rabu gida biyu. Na gida na farko, FR I, haskensu na kusa da cibiya, yana raguwa zuwa gefe. Na gida na biyu, FR II, cibiyar ba ta cika haske ba, can ƙarshen feshin ne ake ganin ɗigo mai ƙuna, inda ya daki gas ɗin waje. Kuma suka tarar na farkon su ne masu rauni, na biyun masu ƙarfi. Ku nemi hoton 3C 31, wani galaksin FR I, a intanet ku buɗa shi sosai a salula. Za ku ga feshin ya fito siriri, bai yi nisa ba sai ya buɗe baki, ya yi kauri, ya karkata, na arewa ya yi gefe guda na kudu ya yi ɗaya gefen, har ya narke ba tare da wani ƙarshe da za ka nuna da yatsa ba. Dalili, feshin yana kwasar gas a hanya tun yana cikin galaksin, nauyi ya yi masa yawa, gudunsa ya faɗi. Na Cygnus A kuwa yana huda komai ya wuce a miƙe.

Madan Talatu: Sannunku. Mushe, na bi bayaninka, amma a nan zan tsaya maka. Kana koya wa yara rabon 1974 kamar layi ne da aka ja da rula: mai rauni FR I, mai ƙarfi FR II. A 2019 an duba dubban galaksin da LOFAR ta kama, aka sami masu siffar FR II da yawa waɗanda ƙarfinsu ya yi ƙasa ƙwarai da inda aka ce iyakar take. Ashe wurin zama ma yana da nasa. Feshi mai rauni a cikin ƙaramin galaksi mai ƙarancin gas yana iya fita lafiya, mai ƙarfi a tsakiyar gas mai kauri yana iya shaƙewa. Ga kuma waɗanda ake kira FR 0, dunƙulallu marasa wutsiya, waɗanda a nan kusa da mu sun fi FR I yawa. Don haka in an ce mai rauni, kada Jummai ta ɗauka dole sai mai wutsiya biyu.

Mushe Ɗanladi: Haka ne Madan, amma 57 ɗin can sun fito ne daga jerin mafi haske a sama, shi ya sa layin ya fito tsaf. Ga mai fara koyo, rabon yana nan da amfaninsa, don dalilin siffar bai sauya ba: ko feshi ya rage gudu, ko bai rage ba.

Madan Talatu: To ka ga ka faɗi maganata da bakinka. Daga jerin mafi haske aka ɗebo su. Wannan ita ce cutar da ke bin duk wannan fanni, kuma ita ce amsar gaskiya ta tambayar yarinyar nan. Ki tsaya da dare a bakin hanyar Mirya ki duba nesa. Kusa da ke za ki ga fitilar babbar mota, ki ga ta babur, ki ga tocilan mai tafiya ƙasa. Can nesa fitilar babbar mota kaɗai za ki gani. In kika ƙirga abin da idonki ya ba ki, sai ki ce can babu kowa sai manyan motoci. Haka aka yi shekaru ana sanin duniyar da da manyanta kawai. Wani galaksin rediyo da aka sanar a 2018, TGSS J1530+1049, da farko an ce z ɗinsa 5.72 ne, awon baya ya nuna wajen 4 ne, tun sararin duniya yana da wajen shekara miliyar ɗaya da rabi, kuma an gan shi ne don yana da ƙarfi. Na kusa da shi masu rauni suna nan, na'ura ce ba ta kai ba.

Jummai: Madan, to ba sai a ƙara girman farantin ba kawai?

Madan Talatu: Ana ƙarawa, ƴata, amma nisa ba ta hanya ɗaya yake cutar da mai rauni ba. Bari in warware miki a hankali don nan ne zuciyar maganar.

Abu mai faɗi kamar wutsiyar nan, hasken kowane yanki nasa yana raguwa da (1+z) sau huɗu a jere, idan aka haɗa dukkan mitoci. A z na 1, biyu sau biyu sau biyu sau biyu, 16 ke nan. A z na 2, 81. Wutsiyar FR I dama can a dushe take, to ki raba ta 16. Abin da zai saura ɗigon tsakiya ne kawai, ba za ki ce ga siffarsa ba. FR II kuwa ɗigon ƙarshensa mai ƙuna yana jurewa.

Sannan miƙewar zango. Abin da kika kama a megahaz 150 daga z na 1, a 300 ya taso. Mushe ya ce sun fi ƙarfi a ƙasa-ƙasa, to ke nan kina sauraron inda muryarsa ta riga ta yi sanyi.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na ƙarshe. Akwai wani haske da ya cika sararin duniya tun farkonta, yau sanyinsa digiri 2.7 ne kacal sama da ƙarshen sanyi. A da ya fi haka zafi da kauri, kaurinsa ma da (1+z) sau huɗu yake hawa. Ilektoron da ke cikin wutsiyar suna karo da wannan haske suna zubar masa da ƙarfinsu. Ke nan a can baya wutsiya tana mutuwa da wuri. Ba ganinta kaɗai ke da wuya ba, ita kanta ba ta daɗewa. Shi ya sa in aka sami ɗaya a z na 1 da wutsiyoyinsa biyu a fili, kamar wanda aka turo miki, abin a tsaya a duba ne sosai.

Malam Sallau: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, kuma na ƙaru, Allah ya saka. Mai kallon sama da tunani ba ya rasa ganin girman Mahalicci. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Mu nan Damagaram kowa ya san yadda ruwa yake a watannin zafi. Ana zuba kuɗi masu yawa don a nemo ɗigon da ya dushe tun ba a yi rana ba. In ma za a nema, me ya sa ba za a tsaya ga manyan da ake gani ba? Mai raunin me zai ƙara?

Mushe Ɗanladi: Wa alaikumus salam Malam. Maganar ruwa ba ni da abin cewa a kanta sai dai gaskiyarka, kuma babu galaksin da zai cika mana jarka. Amma tambayarka ta biyu tana da amsa. Manyan ƴan kaɗan ne. Masu raunin su ne jama'a, kuma aikin da ake alaƙanta su da shi babba ne.

A nan kusa, yawancinsu suna zaune cikin manyan galaksi masu siffar ƙwai, jajaye, cike da tsofaffin taurari, sau da yawa a tsakiyar gungun galaksi. Gungun yana cike da gas mai zafin digiri miliyoyi. Bisa lissafi, gas ɗin tsakiya ya kamata ya huce, ya zubo, ya haifi sababbin taurari da yawa. Aka duba, ba a ga haihuwa mai yawan haka ba. Na'urar Chandra, da aka harba a 1999, ta nuna gungun Perseus da kyau: ramuka biyu a cikin gas mai zafi, daidai inda feshin galaksin NGC 1275 ya hura. Feshin yana tura gas, yana ɗumama shi, yana hana shi hucewa. A yawancin masu raunin nan, baƙin ramin kansa ba ya cin abinci da yawa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na iyakar abin da zai iya, kuma kusan duk ƙarfin a feshi yake fita, ba a haske ba. Shi ya sa a madubin ido ba ka ganin komai sai galaksi tsoho shiru. Idan ana son sanin yaushe manyan galaksi suka daina haihuwar taurari da abin da ya hana su komawa, dole a nemi masu raunin nan a can baya.

Malam Sallau: Na ji wannan, kuma ya shiga. Kan kuɗin dai ina nan inda nake.

Auta: Akwai wanda za mu iya gani da idonmu daga nan?

Mushe Ɗanladi: Akwai galaksin, ban da wutsiyar. Centaurus A ne mafi kusa, wajen shekarar haske miliyan 12. Mu da ke kan digiri 14 arewa, yana hawa mana sama da digiri 30 ta kudu, abin da mutanen Faransa ba su samu. A Afrilu da Mayu, daren da babu wata kuma ƙura ta kwanta, ka hau soro a Birni da madubin hannu mai ido biyu. Za ka fara cin karo da wani dunƙule mai haske kamar auduga, Omega Centauri, shi tarin taurari ne na galaksinmu. Ka ɗaga kaɗan zuwa arewa, faɗin yatsu uku in ka miƙa hannu, sai ka ga wani ɗan tabo fari-fari, wanda ya fi fitowa in ka kalli gefensa. Shi ne. A rediyo kuwa kunnuwansa sun shimfiɗu a sama tsawon da ya fi farin wata goma sha biyar a jere.

Jummai: Mushe, ashe na nesan ma haka suke, tsofaffi jajaye?

Mushe Ɗanladi: Ni ra'ayina, galibi haka ne. Ƙidaya ta nuna manyan masu ƙarfi sun fi yawa a da, a wajen z na 2, ninki ɗaruruwa kan yadda suke yau. Masu rauni kuwa yawansu bai sauya haka ba zuwa z na 1, ninki kaɗan ne. Wannan yana nuna mini cewa hanyar cin abincinsu daban ce, gas mai zafi ne a hankali, kuma wannan hanya ta daɗe tana nan.

Madan Talatu: Zuwa z na 1 na yarda da kai. Bayan nan kada ka miƙa hannu inda bai kai ba. A 2009 Marco Chiaberge da abokan aikinsa sun nemi irin waɗannan a filin sama da ake kira COSMOS, tsakanin z na 1 da na 2. Sun samu, amma da yawa sun fito dunƙule a hoton rediyo. To dunƙulallu ne da gaske, ko wutsiyar ce ta ɓace saboda abubuwan da na lissafa? Hoton ba zai raba maka gardama ba.

Ga wata matsalar kuma da ba mu taɓo ba. Galaksin da ke haihuwar taurari da yawa shi ma yana fitar da rediyo, don manyan taurari suna fashewa, fashewar tana ba ilektoron gudu. A wancan zamani haihuwar taurari ta fi ta yau wajen sau goma. Idan ka sauka zuwa ɗigo masu dushewa sosai, yawancinsu irin waɗannan ne, ba masu feshi ba. Kafin ka ce ga galaksin rediyo mai rauni, sai ka tabbatar rediyon ya fi abin da taurarinsa za su iya bayarwa, ta hanyar gwada shi da zafin ƙurarsa. Ko kuma ka haɗa farantai da ke ƙasashe daban-daban su zama ido ɗaya, ka ga ko hasken daga ɗan ƙanƙanin wuri a cibiya yake fitowa.

Baba Tanko: Wannan na gane shi sarai. In sigina ya yi rauni, kafin ka ce ga tashar da ka kama sai ka tabbatar ba wata ce ta shigo mata ba. To Madan, wa ke da farantin da zai iya?

Madan Talatu: A nahiyarmu yake, Baba. MeerKAT, faranti 64 a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, kowanne faɗin mita 13.5, an buɗe shi a 2018. Za a haɗe shi cikin SKA, wanda aka fara ginawa a Disamba 2022: faranti 197 a Afirka ta Kudu, da eriya sama da dubu 130 a Ostareliya don ƙananan mitoci. Fanaroff ɗin da Mushe ya ambata shi ya jagoranci neman a kawo aikin ƙasarsu. Gana ma ta mai da wani tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kuntunse na'urar sauraron sama a 2017.

Mushe Ɗanladi: To ga inda za a raba mu, Madan. Idan aka saurari filin COSMOS a ƙananan mitoci da ido mai kaifi, wutsiyoyi suka fito a jikin dunƙulallun nan, magana ta zama tawa: irin na kusa ne, nisa ya ɓoye su.

Madan Talatu: In kuma an kai zurfin da ya kamata a gan su ba a gani ba, to feshin wancan zamani ba ya nisa, ko don ƙuruciya ko don gas ya yi masa kauri, kuma sai a sake lissafin yadda yake ɗumama abin da ke kewaye da shi. Jummai, ki koma wurin wanda ya turo miki hoton ki tambaye shi abu uku: nawa ne z ɗin, da tsaga haske aka auna shi ko da kimanta launi, kuma a wace mita aka ɗauki hoton. Ki kawo mana nan mu yi lissafin ƙarfinsa tare.

Jummai: To Madan, yanzu zan tura masa. Na gode, Allah ya ƙara sani.